Shagon hoto a Bamako: yadda masu sana'a suka koyi riƙon kasuwa

A Afirka ta Yamma, yawancin masu ɗaukar hoto na zamanin mulkin mallaka ba a aji suka koyi aikinsu ba. A gaban ubangida suka koye shi, kuma a nan suka san lissafin kuɗi da tarairayar mai saye. Tarihin mutum biyu na Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé, yana nuna abin da wannan koyo ya iya ba mai shago, da kuma inda ya gaza.

Keïta ya fara ne da aikin kafinta a wajen mahaifinsa. A 1935 wani ɗan'uwan iyayensa ya kawo masa kyamara ƙirar Kodak daga Sanagal, daga baya ya ƙara ilimi a hannun Mountaga Dembélé. A 1948 ya buɗe shagonsa a unguwar Bamako-Kura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar, ta yadda matafiya ma suka zama masu saye. Dabarunsa na tattali ne. Sau ɗaya yake ɗaukar mutum don kada fim ya salwanta, ya fi aiki da hasken rana a tsakar gida, kuma yakan wanko hoto daidai girman nagatif, ba tare da na'urar ƙara girma ba. Ya tanadi agogo, alƙalami, rediyo, kwat da babur don mai saye ya fito a kamannin da yake buri. Sannan ya adana nagatif dubbai, domin wanda ya dawo neman wani kwafi ya samu. A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, ba da jimawa ba ya rufe shagon.

Sidibé kuwa ya shiga sana'ar a 1955 a shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, wanda ya fara kiransa don ya ƙawata masa shagon da zane. Da ya kafa Studio Malick a unguwar Bagadaji, bai zauna jiran mai saye ba. Da dare yakan bi wuraren rawa da bukukuwan samari, ya koma ya wanke hotunan kafin gari ya waye, ya manna su a kan kwali, kowane da lambarsa. Samari su zo su duba, kowa ya zaɓi lambar da yake so, ya biya. Wannan tsari ya haɗa talla da rajista wuri guda.

Daga ƙarshen shekarun 1970 hoto mai launi ya fara mamaye kasuwa. Injinan wanke shi sun fi ƙarfin jarin ƙaramin shago, kuma duk mai kyamara yana iya kai fim can a wanke masa. Darajar ɗakin wankin hoto ta faɗi, har Sidibé ya karkata ga gyaran kyamarori. A Yamai ma, Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar dare ta birnin a shekarun 1960 da 1970, ya ga irin wannan komaɗar ciniki. Ubangida ya koya wa yaransa tattali, amma bai koya musu shirin ranar da na'ura za ta canza ba.

Sai dai da tsohuwar zuma ake magani. A 1991 an baje wasu hotunan Keïta a birnin Niyok ba tare da sunansa ba. André Magnin ya bi sawu har Bamako, Sidibé ne ya gane aikin ya nuna masa mai shi. A 1994 gidauniyar Cartier ta baje hotunan Keïta a Pari, kuma a shekarar aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako. Nagatif ɗin da aka ajiye don ƴan unguwa suka zama dukiya. Bayan rasuwar Keïta a 2001, jayayya ta daɗe a kan wanda ke da ikon buga hotunansa da sayar da su.

Yau wayar salula ta sake girgiza shagunan hoto daga Maraɗi zuwa Damagaram. Ƙungiyoyin da ke son horar da masu wannan sana'a za su sami darasi a tarihin Bamako. Lissafin kuɗin kowane hoto da zuwa neman mai saye har inda yake, magabata sun iya su. Abin da ya kamata a ƙara shi ne tanadin jari domin canjin na'ura, da sanin haƙƙin mallaka, da rubuta yarjejeniya kafin ajiyar shago ta bar hannun mai ita.