Kasuwar Kurmi da Baitulmali: Wa Ke Karɓa, Wa Ke Gyarawa?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi da damina, ya tsallake kwatami, ya raɓa ta gefen rumfunan da suka tsufa, da wuya ya yarda cewa nan ce cibiyar cinikin da ta haɗa Kano da Tarabulus da Gwanja. Mutane sukan ce zamani ne ya juya mata baya. Wannan gaskiya ne, amma akwai abin da tarihi ya ƙara nuna mana, wato kasuwa tana raye ne muddin kuɗin da ake karɓa a cikinta suna komawa jikinta, kuma 'yan kasuwa sun san ƙofar da za su buga idan abu ya lalace. Bari mu bi sawun wannan magana daki-daki.

Kafin Zuwan Turawa

Masana tarihi sun danganta kafa Kurmi ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. An kafa ta a bakin Jakara, a tsakiyar birni, kuma tun farko hannun sarauta yana kanta. Baturen nan matafiyi, Kilafaton, da ya zo Kano a 1824, ya bar mana bayanin yadda ya tarar da ita. Ya ce Sarkin Kasuwa ne yake ba da hayar rumfuna wata-wata, kuɗin hayar kuma suna cikin kuɗin shigar sarki. Kowane irin kaya da layinsa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, idan mutum ya sayi riga ya tafi da ita wata ƙasa, sa'an nan ya tarar da algus, yana iya dawo da ita, domin an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, a tilasta wa mai kaya ya mayar da kuɗi.

Kada mai karatu ya ɗauka kome na wancan zamani abin yabo ne, domin a wannan kasuwa an sayar da bayi kamar yadda aka sayar da turkuɗi da kanwa. Abin lura dai shi ne, mai karɓar haya shi ne mai tsare amana, kuma amanar ita ce jarin da yake jawo fatake. Sarki ya san idan kasuwa ta mutu, taskarsa ce ta bushe.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas. A farkon mulkinsa aka rushe tsofaffin rumfunan Kurmi, aka sake gina ɗaruruwan rumfunan ƙasa a jere, yadda za a iya ƙidaya su, a kuma karɓi haya ba tare da wahala ba. Bayan 'yan shekaru aka kafa Baitulmali, inda ake tara haraji da jangali da kuɗin kasuwa da tarar kotuna. Da farko rabin haraji ne yake zama hannun En'e, rabi ya tafi ga gwamnatin Turawa. Sarki da hakimai da alƙalai suka koma kan albashi, abin da ya rage kuma a yi ayyuka da shi bisa ƙiyasin da ake rubutawa kowace shekara.

Da yake jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, talaka ya sami abin biyan haraji, sai Baitulmalin Kano ya zama mafi ƙarfi a Jihar Arewa. Daga cikinsa aka gina Asibitin Birni, aka faɗaɗa hanyoyi. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki a 1931, aka jawo ruwa daga Chalawa. Wannan babban aiki da kuɗin En'e aka yi shi. Duba-gari suna zagaya mahauta, 'yan doka suna tsaron rumfuna, malaman kasuwa suna yankar rasit.

Sai dai fa wannan tsari yana da nasa tabon. Yawancin kuɗin da aka ƙawata birni da su gumin manomin ƙauye ne, wanda wani lokaci sai ya sayar da akuyarsa ko hatsinsa kafin ya biya haraji, kuma ba shi da bakin tambayar inda kuɗin suka tafi. A kan irin wannan ne jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta ja daga da En'e tun daga 1950.

Haka kuma jirgin da ya cika Baitulmali shi ne ya fara janye ciniki daga Kurmi. Kamfanonin Turawa sun kafa kantunansu kusa da tasha, a wajen ganuwa, 'yan kasuwar Lebanon suka zauna a Fagge, baƙi daga Kudu suka cika Sabon Gari. Ayarin raƙuma ya ja baya, babban ciniki ya koma waje, aka bar Kurmi da dukawa da maƙera da masu kayan gargajiya.

Bayan Ƙirƙiro Jihohi

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma a shekarun mulkin soja na farko aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a ƙasa baki ɗaya, aka ware musu kaso daga asusun tarayya. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujjar yin murna. Amma daga nan sai idon ƙaramar hukuma ya bar kasuwa ya koma kan kason wata-wata da ake aikowa daga sama. Wanda abincinsa yake zuwa daga wani gida, ina ruwansa da gyaran murhun gidansu?

Tsarin mulkin 1979 da na 1999 duka sun ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, har da kwashe shara. Amma tsarin mulkin ya kuma tanadi asusun haɗin gwiwa, wanda ta cikinsa kuɗin ƙananan hukumomi suke bi ta hannun jiha. Birnin da En'e ɗaya take riƙe da shi ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi da dama, kamar Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa. Manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da ta Sabon Gari kuwa gwamnatin jiha ce ta riƙa naɗa musu shugabanni. Tsara gine-gine yana hannun wata hukuma, shara tana hannun wata, magudanar ruwa tana hannun wata. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma fa idan akwai uwargidan da ta san tukunyar tata ce.

Da kuɗin gyara suka gagara, sai aka shigo da dabarar ba 'yan kasuwa masu jari fili su gina shaguna, su sayar ko su ba da haya, hukuma ta sami nata kaso. Dabarar tana kawo sababbin gine-gine da sauri, amma riba tana cikin yawan shaguna, ba a cikin hanyar motar kashe gobara ko magudanar ruwa ba. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta lalata yadudduka a Kantin Kwari a damunar 2022, sun isa su sa mai hankali ya yi tunani.

Kammalawa

A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, ba zai gyara rumfa ko ɗaya a Kurmi ba sai an cika sharuɗɗa biyu. Na farko, a san hukuma ɗaya tak da take karɓar kuɗin kasuwa, ita ce kuma za a tuhuma idan kwata ta toshe. Na biyu, a bayyana wa masu biya nawa aka tara, nawa aka kashe, su kuma sami wakilci wajen yanke shawara. Sarakunan dā da En'e sun cika na farko, sun gaza a na biyu. Mu kuwa muna neman rasa duka biyun.

'Yan'uwa marubuta, akwai dattawa a layin dukawa da na 'yan shuni waɗanda suka biya haya ga malaman En'e, suka kuma biya ga ƙaramar hukuma. Bambancin da suka gani yana cikin kawunansu, ba a rubuce yake ba. Mu je mu zauna da su da alƙalami da takarda tun suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.