Gyare da Raƙumin Dawa: Daga Ina Yarda da Kai Ke Tsirowa?

Tun da aka wallafa littafin Giraffes Can't Dance a Ingila a 1999, rubutun Giles Andreae da zanen Guy Parker-Rees, masu sharhi da dama sun ɗauke shi a matsayin darasin yarda da kai: yaro ya toshe kunne ga masu ba'a, ya dogara da abin da ke zuciyarsa. Ana kuma jera shi da labarin mummunan ɗan agwagwa na Andersen (1843), sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wannan maƙala na ganin fahimtar ta kauce wa abin da littafin ya nuna.

A cikin labarin, Gerald, raƙumin dawa mai siraran ƙafafu, ya je bikin rawar daji na shekara-shekara, inda zakuna da karkanda da birai kowa ke taka tasa. Kafin ya ɗaga ƙafa aka fashe masa da dariya, jikinsa ya sandare, ya yarda cewa shi ba ya iya komai, ya sulale ya bar fagen. A nan babu wani ƙarfin zuciya da ya taso masa daga ciki. Abin da ya sauya al'amarin gyare ne, wanda ya ga abin da ya faru, ya nuna masa cewa kiɗan ne bai dace da shi ba, ya sa shi ya saurari motsin ciyayi da itatuwa ƙarƙashin farin wata, sannan ya ja masa goge. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya; a nan sai da wani ya sauya kiɗan. Ɗan agwagwan Andersen kuwa asalinsa ne ya cece shi. Ƙafafun Gerald na nan yadda suke daga farkon littafin har ƙarshensa.

Mai jayayya zai ce ai gyaren alama ce ta muryar zuciyar Gerald. Zanen bai goyi bayan haka ba, domin an fito da gyaren a matsayin halitta mai zaman kanta, riƙe da gogensa. Hujjar mai jayayya da ta fi wannan nauyi ita ce ta ƙarshen labarin: dabbobin sun dawo suna jinjina ne bayan Gerald ya gwanance har da alkafura, kuma ba wanda ya nemi gafara. Ashe ba a koya wa yaro cewa sai ya burge masu zolayarsa zai sami mutunci ba? Dole a amsa cewa wannan suka na da tushe. Sai dai tsarin shafukan ya rage mata kaifi, don Gerald ya riga ya ji daɗin rawarsa tun babu mai kallo sai gyare, tafin jama'a daga baya ya zo.

Iyakar abin da hujja ta ba da damar faɗa ke nan: littafin bai warware matsalar masu izgili ba, ya bar su babu hukunci babu nadama. Amma game da yaron da aka yi wa dariya, ya ɗora nauyin a kan wanda ke gefe yana kallo. Malami ko uwa da ke karanta wa yara shi, su ne aka ba matsayin gyaren.