Daga Garmaho Zuwa Fiyano: Yadda Makirufo Ya Sauya Muryar Mawaƙi

Bara, bayan an gama girbin masara, na raka wani abokina bikin ƙanwarsa a wani ƙauye da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Da la'asar aka kunna wata waƙar soyayya ta fim, 'yan mata suka shiga fili. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya yi tsaki, ya ce, "Yaro, wannan ai raɗa ce. Da Shata ne a filin nan, ko babu lasifika sai an jiwo shi daga Bakori." Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Mai karatu, ka san cewa an yi irin wannan gardama a Amurka kusan shekara 100 da suka wuce?

Kafin 1925, idan mawaƙi zai yi faifan garmaho, gaban wani ƙaton ƙaho yake tsayawa ya ware murya. Ƙarfin muryar ne ke girgiza allurar da ke zana waƙar a jikin kakin faifai. Mai siririyar murya ba shi da rabo a sana'ar. A 1925 kamfanonin Victor da Columbia suka koma ɗaukar sauti da lantarki ta hanyar makirufo. Nan take al'amari ya juya. Mawaƙi zai matso da bakinsa kusa da na'ura ya rera a hankali kamar mai lallashin jinjiri, kuma a ji har numfashinsa.

Zamanin kiɗan jaz ke nan, kuma a cikinsa aka samu waɗanda zan kira mawaƙan raɗa. Akwai Jack Smith, wanda ma laƙabinsa ke nufin mai raɗa. Akwai Gene Austin, da faifansa na "My Blue Heaven" na 1927 ya sayu miliyoyi. Sai Rudy Vallee, sai kuma Bing Crosby da ya mamaye rediyon Amurka daga 1931. 'Yan mata suka haukace a kansu, manya kuwa suka fusata. A 1932 babban limamin cocin Katolika na Boston, William O'Connell, ya fito fili ya yi tir da salon, yana ganin lalacewa ce kuma bai dace da namiji ba. Ka ga kusan maganar dattijona ke nan, harshe kawai ya bambanta.

To, mu ina muke a lokacin? Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Ingila domin sayarwa a nan, kuma Hausa na cikin harsunan da aka yi amfani da su. A 1929 ne kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda. Jirgin da ke kwasar auduga da gyaɗa shi ne ke dawowa da kayan kanti. Sai dai garmaho kayan attajiri ne. Talakan yankinmu a dandali yake jin waƙa, ko a gona ranar gayya, ko a kasuwa.

A irin wannan fili aka horar da muryar Alhaji Mamman Shata, wanda akasarin masu tarihinsa suka ce an haife shi a Musawa a 1923, ya kuma yi zamansa a Funtuwa. Mai waƙa da kalangu dole muryarsa ta hau kan ganguna da 'yan amshi da hayaniyar jama'a. Waƙar dandali kuma ba ta san agogo ba, muddin ana kari ana kyauta to tana nan tana tafiya. Faifan garmaho kuwa fuskarsa ɗaya ba ta wuce kimanin minti 3. Wannan ne ya sa waƙoƙin Amurka na wancan zamani suka zama gajeru. Yaya za a cusa "Bakandamiya" a minti 3, waƙar da kowane zama sai an ji ta da sababbin baitoci? Shata ya yi fayafai, amma Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da kuma kaset daga baya, su ne suka ba waƙarsa filin da za ta miƙe ƙafa. Wanda makirufo ya fi yi wa rana a cikin manyanmu shi ne Ɗan Maraya Jos. Mutum ɗaya da ɗan kuntiginsa, ba 'yan amshi, amma rediyo ta kai shi kowane gida.

Salon raɗa na soyayya kuwa ta Indiya ya biyo ya iso mana. Fim mai magana na farko a can shi ne "Alam Ara" na 1931. A 1935, a fim ɗin "Dhoop Chhaon", aka fara dabarar da mawaƙi zai rera a sitidiyo, ɗan wasa ya riƙa motsa baki a gaban kyamara. Su Talat Mahmood da Mukesh da Mohammed Rafi duk makirufo ne ya raine su, kuma da muryoyinsu iyayenmu suka tashi a gidajen silima. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan "Turmin Danya" na 1990, wannan tsari aka ɗauko: fiyano, sitidiyo, da murya mai taushi. Daga zamanin "Sangaya" har zuwa su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, hanyar ɗaya ce.

Saboda haka, mai karatu, idan an ce maka mawaƙan fim ba su da murya, ka ce kowane mawaƙi da filin da aka yi masa tarbiyya. Shata yana magana da taron mutum dubu ne, mawaƙin fim kuwa da kunnen mutum ɗaya. Amma fa dattijona yana da gaskiyarsa. Crosby ya iya waƙa tun kafin makirufo ya ɗaukaka shi, ba na'ura ce ta daidaita masa karin murya ba. A yau akwai waɗanda idan aka ɗauke wuta a wurin biki sai su koma motsa baki, domin kwamfuta ce ta yi rabin aikin. Wannan ne ya kamata ya dame mu.

Abu na biyu ya fi ciwo. Fayafayan Gene Austin suna nan an adana su, duk mai so zai ji su a intanet. Namu fa? Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, ina ƙaramin yaro, kuma da yawan abin da ya rera a gidajen biki yana kan kasakasan da zafi da ƙura ke ci a akwatunan tsofaffi. Idan akwai irin wannan akwati a gidanku a Funtuwa, ko Bakori, ko Ƙafur, ko Malumfashi, don Allah kada a bari yara su warware zaren. A kai wa wanda zai juye shi a kwamfuta tun yana juyuwa.