Cin Rani a Tsakiyar Teku: Baƙin Nijeriya a Tsibirin Fanando Fo, da Darasinsu ga Ƙasar Rano da Kibiya



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba tarihin wata irin fita neman abinci wadda ta sha bamban da wadda muka gada a ƙasar Hausa, wato zuwa aiki da zama a tsibiri, inda ruwa ya kewaye mutum gabas da yamma, kudu da arewa. Tsibirin da za mu ɗauka misali shi ne Fanando Fo, wanda ake kira Biyoko tun 1979, a cikin ƙasar Gini Ikwatoriya. Za mu auna tarihinsa da ma'aunin da mutanen Rano da Kibiya suka sani, wato cin rani da fatauci. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, makomar baƙo ta rataya a kan abu uku fiye da yadda ta rataya a kan arzikin ƙasar da ya je: sana'ar da take hannunsa, da mutumin da ya tsaya masa, da kuma hanyar komawarsa gida. A tsibiri, wannan na ukun shi ne yake kuɓuce wa mutum.

Fita neman abinci a kudancin Kano

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano aka ba sarautar baba, wato rini. Wannan ya nuna cewa tun da daɗewa an san yankin da saƙa da marina, kayan da ba a yin su don amfanin gida kaɗai, sai an kai su kasuwannin nesa. Manomin Rano ko na Kibiya, in ya kammala girbi ya zuba hatsi a rumbu, yakan ɗauki sana'arsa ta rani ya fita, ko koli, ko dukanci, ko jima, ko almajiranci, ko dako. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas kuwa, sai ya juyo gida don ya riski shuka.

Wannan tsari yana da ginshiƙai sanannu. Duk inda matafiyi ya nufa, daga Gwanja har Adamawa, akwai zango, akwai sarkin zango, akwai fatoma ko mai masauki wanda zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Babban ginshiƙi kuma shi ne ƙafa. In gari ya yi wa mutum zafi, sai ya ɗaure kayansa ya bi hanya, ba ya neman iznin kowa.

A ƙarni na 19 hare-haren mayaƙan Ningi sun addabi kudancin Kano, sun raba mutane da dama da gidajensu ba da son ransu ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai haraji ya koma na kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Waɗannan abubuwa sun ƙara wa mutane buƙatar kuɗi, sun kuma gajarce musu hanyar zuwa bakin teku. Hausawa suka kafa unguwanni a Ikko da Fatakwal da Kalaba, inda unguwar Bogobiri take har yau. Daga Kalaba kuwa, Fanando Fo ita ce ƙasa ta gaba ga wanda ya shiga jirgin ruwa ya nufi kudu.

Tsibirin da tarihinsa

Fanando Fo tsibiri ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,000, yana da nisan kamar kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Dutsensa mafi tsawo ya kai mita 3,000. A kudancinsa akwai inda ruwan sama yake wuce milimita 10,000 a shekara, wato kamar ninki goma na abin da manomin Kibiya yake samu a damina mai albarka. Mutanensa na asali su ne Bubi.

Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal ne ya isa can wajen 1472, aka kuma sa wa tsibirin sunansa. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifen. A 1827 Ingila ta kafa sansani a can don tare jiragen masu fataucin bayi, kuma bayin da aka 'yanta suka zama tushen wata al'umma ta daban a garin da daga baya aka sa wa suna Santa Isabel, wato Malabo ta yau. Tsibirin ya zama mashigar Turawa zuwa kogin Kwara. A can Richard Lander ya mutu a 1834. Can ne masu tafiyar binciken Kwara ta 1841 suka koma jinya, kuma a cikinsu akwai J. F. Schön, wanda ya buga littafinsa na kalmomin Hausa a 1843. Daga can Baikie ya tashi a 1854 ya hau kogin Binuwai. Ashe ke nan dangantakar tsibirin da ƙasarmu ta girmi Nijeriya kanta.

Koko da yunwar lebura

Abin da ya mayar da tsibirin wurin neman aiki shi ne koko, wanda aka fara nomawa a can a ƙarni na 19. Ƙasar tana da ni'ima, amma ba ta da hannaye. Yawan Bubi ya ragu saboda cututtuka, waɗanda suka rage kuma sun fi son noma ƙananan gonakinsu da yi wa Bature ƙwadago. Saboda haka tarihin koko a Fanando Fo, daga farkonsa har ƙarshensa, tarihin neman lebura ne daga ƙetare.

An fara da mutanen Laberiya. A 1930 kwamitin binciken da aka kafa tare da Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ya gano cewa manyan jami'an Laberiya suna tura mutane tsibirin ta hanyar da ba ta da maraba da cinikin bayi. Abin ya kai har shugaban ƙasar, Charles King, ya sauka daga mulki a ƙarshen shekarar. Da wannan ƙofa ta rufe, sai masu gonaki suka juyo gabashin Nijeriya. Dillalai suka riƙa yaudarar samari da alkawarin aikin ofis ko na kanti, suna tsallakar da su cikin kwale-kwale da dare daga wajen Kalaba da Oron. Mutanen kudu suka sa wa tsibirin suna Panya, daga sunan da mutanen Sifen suke kiran ƙasarsu.

A watan Disamba na 1942 gwamnatin Ingila a Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin Sifen don a tsara wannan harka. Aka buɗe ofishin ɗaukar lebura a Kalaba. Kwantiragin farko na shekara biyu ne, kuma ana riƙe wani kaso na albashi, ba a biyan mutum shi sai ya gama wa'adinsa ya dawo Nijeriya. An yi ta gyara yarjejeniyar a shekarun da suka biyo baya, ministocin ƙwadago na Nijeriya suna kai ziyarar gani da ido, jaridun Ikko suna ta buga ƙorafin duka da ƙarancin abinci da munin masauki. Duk da haka mutane ba su daina tafiya ba. Zuwa shekarun 1960 'yan Nijeriya sun fi 'yan asalin tsibirin yawa.

Ɗan kwantiragi da ɗan kasuwa

Mafi yawan waɗannan lebura Ibo ne da Ibibiyo da Efik. Akwai dalilan da suka sa gandun koko bai ja manomin Kano ba. Na farko, gyaɗa tana ba shi kuɗin haraji a ƙofar gidansa. Na biyu, kwantiragin shekara biyu ya saɓa wa tsarin cin rani, domin wanda ya sa hannu a kansa ya yi asarar damina biyu, gonar gandu kuwa ba ta jiran kowa. Na uku, a daidai wannan lokaci, daga 1942 zuwa 1944, Turawa suna da tasu buƙatar a Arewa, inda suka tilasta wa dubban mutane daga larduna zuwa haƙar kuza a Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Hausawan da suka zauna a tsibirin sun bi ta wata ƙofa daban. Sun shigo ta gaɓar Nijeriya da ta Kamaru a matsayin 'yan kasuwa da malamai, suna sayar da tufafi da kayan fata da kayan koli, kuma su ne tushen tsohuwar al'ummar Musulmi ta ƙasar. Wato sun ɗauki tsarin zango sun tsallaka teku da shi: sabon zuwa ya sauka wajen wanda ya riga shi, a ba shi kaya bashi, ya koyi harshen kasuwa, ya tsaya da ƙafarsa.

Mu kwatanta waɗannan mutane biyu. Lebura yana da takarda mai hatimin gwamnati biyu, amma masaukinsa na mai gona ne, abincinsa daga hannun mai gona, wani kaso na kuɗinsa yana hannun wani, kuma barin aiki kafin wa'adi laifi ne da ake hukunta shi a kai. Ɗan kasuwa ba shi da wannan takarda, amma jarinsa yana aljihunsa, mai masaukinsa ɗan'uwansa ne a harshe da addini, kuma shi yake zaɓar wanda zai yi ciniki da shi. A abu biyu na farko, wato sana'a da matsayi, ɗan kasuwa ya yi wa lebura fintinkau. Amma a abu na uku sun zama ɗaya, domin babu ɗayansu da ya mallaki jirgin ruwa. Muddin akwai zaman lafiya, wannan rauni ba ya bayyana.

Ranar da ƙofa ta rufe

Gini Ikwatoriya ta sami mulkin kai ranar 12 ga Oktoba 1968, a ƙarƙashin Francisco Macias Nguema, a lokacin da Nijeriya take tsakiyar yaƙin basasa. Cikin 'yan watanni mafi yawan mutanen Sifen suka fice. Gonaki suka fara lalacewa, albashi ya daina fitowa a kan kari, kuɗin ajiyar lebura ya maƙale. Da ma'aikata suka nemi haƙƙinsu a farkon shekarun 1970, sai aka amsa musu da bindiga, aka kashe da dama. Cin zarafi ya kai har kan ma'aikatan ofishin jakadancin Nijeriya.

Gwamnatin Janar Murtala Muhammed, wadda ta hau mulki a watan Yuli na 1975, ita ce ta yanke shawarar kwaso mutanenta. Daga ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976 jiragen ruwa da na sama suka kwaso dubun-dubatar 'yan Nijeriya. Ko a wajen hawa jirgi an rasa rayuka a tashar Malabo a watan Janairu na 1976. Mutanen da suka yi shekaru masu yawa a can suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka kawai.

Tsibirin ma bai sha da daɗi ba. Kokon da ƙasar take nomawa, wanda ya kusa tan 38,000 a shekara gab da samun mulkin kai, ya faɗi ƙasa da tan 10,000 kafin ƙarshen shekarun 1970. Macias ya tilasta wa 'yan ƙasarsa na ɓangaren tudu zuwa aikin gonakin, amma abin bai yi ba. An hamɓarar da shi a watan Agusta na 1979.

Yana da kyau mu ajiye wannan kusa da abin da ya faru a Gana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Hausawan zango da Yarabawa sun yi asara mai yawa, sun sha wuya a kan iyakoki, amma akwai mota, akwai hanya, wanda ya rasa kuɗin mota kuma yana da ƙafa. Wanda yake Fanando Fo sai ya zauna a bakin ruwa ya jira gwamnatinsa ta tuna da shi. Kada kuma mu manta cewa Nijeriya kanta ta kori baƙi fiye da miliyan guda a 1983. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe, kuma babu ƙasar da ba ta taɓa nuna wa baƙonta haka ba.

Kammalawa

Tun da aka gano man fetur mai yawa a tekun tsibirin a tsakiyar shekarun 1990, Malabo ta sake jan baƙi daga Afirka ta Yamma, masu gini da direbobi da 'yan kasuwa. Ya kamata matashin da yake tunanin zuwa can, ko wani tsibiri makamancinsa, ya san cewa Gini Ikwatoriya ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka yarjejeniyar 1979 ta walwalar zirga-zirga ba ta kare shi a can. Kafin ya tashi, ya tambayi kansa: wace sana'a ce a hannuna? Wa zai tsaya mini? Fasfona da kuɗin komawata suna hannun wa? Duk aikin da za a karɓe wa mutum fasfo a ƙofar shigarsa, jikan kwantiragin Panya ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, naku darasin ya fi nauyi. Yarjejeniyar 1942 ta yi shekara fiye da talatin tana aiki, tana da jami'ai da ofisoshi da rahotanni, amma ba ta hana a riƙe gumin lebura ba, domin takarda ba ta bin kanta sai an sami mai binta. Wajibi ne hukumomin ƙananan hukumomi irin su Rano da Kibiya, tare da hakimai da dagatai, su san 'ya'yansu da suka fita, da inda suka nufa, da wanda ya ɗauke su. Wajibi ne kuma a raya abin da yake riƙe mutum a gida. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ta nuna cewa noman rani yana iya maye gurbin cin rani ga dubban magidanta a Kura da Bunkure da kewaye. Wanda yake da abin yi a gida, in ya fita, da zaɓinsa ya fita, kuma ba ya karɓar kowane sharaɗi don yunwa.

 Allah Ya kai kowane matafiyi lafiya, Ya kuma dawo da shi gida lafiya.