Tarihin da Aka Rubuta da Walda: Maƙeran Amalanke a Batsari da Safana

A Ingila, wanda ya mallaki tsohon ɗakin tafiya, irin wanda mota ke ja a bayanta, yana iya bin diddigin asalinsa ba tare da wahala ba. Kamfanin Eccles na Birmingham, wanda ya soma ƙera irin waɗannan ɗakuna a 1919, ya bar tambarinsa a jikin kayansa, ya bar tallace-tallace a jaridu. Maƙerin amalanken shanu a Batsari ko Safana kuwa, ba kasafai yake buga sunansa a jikin ƙarfe ba, balle ya ajiye littafin ciniki. Mai neman tarihinsa sai dai ya karanta shi a jikin amalanken kansa, domin kowane sashe nasa yana ɗauke da shaidar wani zamani.

Shaida ta farko ita ce sunan. Kalmar amalanke aro ce daga Yarbanci, inda ake kiran keken tura kaya “omolanke”. Wannan na nuna cewa a matsayin kayan dako na birni Bahaushe ya fara saninsa, kafin a ɗaura shi a wuyan bijimi. A ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu, jaki da raƙumi da takarkari ne suka daɗe suna ɗaukar kaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa da ya bi ta Funtua ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, amma bai ratsa ƙasar Ruma ba. Manomin wannan yanki ya ci gaba da dogaro da bayan dabba wajen kai amfanin gonarsa kasuwa.

Shaida ta biyu ita ce karkiya. A ƙarshen shekarun 1920 ne gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin haɗa noma da kiwo a Arewa, tana bai wa manoma bashin shanun huɗa da garma ta hannun hukumomin En'e, domin a bunƙasa noman gyada da auduga. Sai dai aikin huɗa na 'yan makonni ne a shekara, ciyar da bijimi kuwa na kullum ne. Manomin da ya horar da shanu biyu yana bukatar abin da za su ja da rani, kamar kai taki gona, kwaso dawa da kara, ɗebo ruwa da jigilar tubali. Daga wannan lissafi ne kasuwar maƙerin amalanke ta tsiro.

Shaida ta uku, wadda ta fi kowace bayyana shekaru, ita ce ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Maƙerin gargajiya, da zugazugansa da uwar maƙera, yana iya ƙera fartanya da lauje, amma ba ya iya ƙera boris. Sai da matattun motoci suka yawaita, injin walda kuma ya iso garuruwan karkara, sannan aka samu mafita: a yanko ƙafafun tsohuwar mota, a gina firam a kansu, a shimfiɗa katako. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma samfurin 404 da 504 sun cika titunan Arewa. Da suka tsufa, ƙafafunsu suka bi ta hannun 'yan gwangwan da kasuwanni irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, suka ƙare a ƙarƙashin amalanke. Karyewar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa tarakta da kayan gyaranta suka fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai mai walda na bakin tasha ya zama injiniyan ƙauye.

Abin da ke barazana ga wannan sana'a a yau ba ya cikin shagon maƙeri. Amalanke ba ya motsi sai da shanu, shanu kuwa su ne abin da ɓarayin daji suka fi hari a Batsari da Safana. Manomin da aka kore wa bijimai ya rasa garma da abin hawa a dare ɗaya, maƙerin da ke jiransa bayan kaka kuma ya rasa ciniki. A ƙarshen Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da waɗannan biyu, ta kuma hana motoci ɗauko itace daga daji. Matakin na tsaro ne, amma ya taɓa duk wanda abincinsa ke rataye a wuyan sa. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ta yadda bukatar amalanke ta ƙaru a daidai lokacin da riƙe shanu ya zama kasada.

Saboda haka tattara wannan tarihi aiki ne mai wa'adi. Tsohon amalanke ba ya zuwa gidan tarihi: idan ya lalace, akan sayar da ƙarfensa bisa kilo, katakonsa ya shiga murhu. Dattawan da suka san wanda ya fara kawo injin walda garinsu, da wanda ya koya wa wa, wasunsu sun yi hijira zuwa birnin Katsina, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-ma suna kusa da wurin. Abin da aikin ke nema shi ne rikodar waya, da hoton ƙarƙashin kowane amalanke, da tambaya guda ga mai shi: wa ya ƙera maka, kuma a hannun wa shi ya koya?