Asalin Kalma: Lafiya

Da asuba a Yelwa ta Jalingo, kafin a buɗe shaguna, za ka ga dattawa na takawa zuwa masallaci, matasa kuma na gudu a gefen titi. Duk wanda ka gaisar, amsarsa ɗaya ce: lafiya lau. Bafulatanin Muri zai ce "jam", amma da ya juya Hausa, lafiyar zai kama.

Kalmar daga Larabci ta zo, "al-afiya". Bahaushe ya haɗiye "a" ɗin "al" ya bar "l" manne da ita, kamar yadda ya yi wa littafi da labari da lokaci. Yarbawa kuwa suka riƙe ta a "alafia". Abin da ya fi burge ni shi ne tushenta ɗaya da "afuwa", wato yafiya. Shi ya sa ma'anarta ta wuce rashin ciwo: akwai lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai zaman lafiya tsakanin maƙwabta, akwai kwanciyar zuciyar mai zikiri bayan sallah.

Mai motsa jiki da mai tilawar Alƙur'ani kullum safiya, kalma ɗaya suke amfani da ita wajen faɗin abin da suke nema.