Yadda Bos Ya Samu Baki a Wasannin Bidiyo

Matsalar mugu a wasan bidiyo daban take da ta fim. A fim, darakta yana kai kyamara gidan bos duk sanda ya ga dama. A gem kuwa kyamara na manne da jarumi, mai wasa sai ya shafe awa ashirin bai haɗa ido da abokin gabarsa ba. Masu wannan sana'a sun daɗe suna fama da yadda za a ji tsoron wanda ba a gani.

Na farko ba su damu ba. Goggon birin Donkey Kong na 1981 da Bowser na Super Mario Bros. na 1985, dukansu ƙirar Shigeru Miyamoto a kamfanin Nintendo, aikinsu ɗaya ne: su sace mace, su tare ƙarshen hanya. Na'urorin lokacin ba su da wurin ajiye doguwar magana.

Zuwan faifan CD ne ya buɗe wa mugu baki. A System Shock na 1994, wata kwamfuta mai suna SHODAN tana bin mai wasa da murya daga ɗaki zuwa ɗaki. Terri Brosius ce ta yi muryar, aka yayyanka ta har tana in'ina, tana hawa tana sauka. Portal na 2007 ya kai dabarar ƙololuwa. Ellen McLain, mawaƙiyar opera, takan saurari yadda kwamfuta ke karanta layi, ta kwaikwaya, sannan injiniyoyin kamfanin Valve su ƙara daddatse sautin. Abin da ya fito shi ne GLaDOS, mai zaƙin baki, tana yi wa mutum alƙawarin kek alhali wuta take tura shi. Ba ƙarfinta ke kama mai wasa ba, rainin hankalin ne.

Wani lokaci ɗan wasan kwaikwayo ne ke haifar da bos. Michael Mando ya je gwaji a kamfanin Ubisoft, ya yi abin da ba shi aka rubuta ba, sai aka sake gina halin a kansa, aka samu Vaas na Far Cry 3 a 2012. Kuskuren marubutan shi ne kashe shi da saura tafiya. Wanda ya gaje shi, Hoyt, kaɗan ne ke tunawa da shi.

Batun dalili ya fi wuya, domin mugun da ke da hujja yana iya kwance wa mai wasa zani a kasuwa. A The Last of Us Part II na 2020, Abby ta kashe Joel, jarumin kashi na farko, tun farko da sandar golf, daga baya aka danƙa ta a hannun mai wasa kusan rabin gem ɗin, ya gane cewa likitan da Joel ya kashe a kashi na farko mahaifinta ne. Laura Bailey, wadda ta fito a matsayin Abby, ta sha barazanar kisa a intanet, ta kuma ci lambar BAFTA a 2021 a kan wannan aikin.